Ashe Ba Laifin Sabis Ba Ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Rukayya daga Wurno. Bara na gama firamare, kuma ban taɓa rubuto wasiƙa ba, a yi haƙuri da ni.

Babana malamin Islamiyya ne. Ranar da za a rufe rajistar musabaƙar Alƙur'ani ta intanet, shafin ya ƙi buɗewa a kwamfutarsa. Shi da abokinsa Malam Sani suka yi ta zagaye tsakar gida da ita suna neman sabis.

Ni kuwa na lura duk sanda shafin ya maƙale, antibayiros, wato manhajar tsaro mai binciken shafuka, yana fito da jan rubutu. Kuma hakan ya fara ne tun da Yaya ta saka manhajar rage cin data. Sai na zargi su biyun ne ba sa jituwa.

Kunya ta hana ni magana gaban baƙo, sai na raɗa wa Inna. Ta ɗaga murya, "Malam, ba wa 'yarka ta gwada mana!"

Sai na kashe manhajar datar, na bar antibayiros ɗin. Nan take shafin ya buɗe. Malam Sani ya ce, "Mu da gemunmu mun sha rana a banza!" Ɗaliban Baba duka suka shiga musabaƙar, kuma Baba da kansa ya matsa ya ba ni wuri a tabarma.

Don Allah, in goge manhajar datar ne, ko akwai yadda za su zauna lafiya? Ina gaida ƙawata Hauwa'u a Basirka.