Kwalbar Manja a Hannun Baba Meshak

Mai girma shugaban taro, mai girma Dagaci da masu unguwanni, Rabaran da Malam Liman, dattawa iyayenmu, matan zumunta, matasa, da dukan manoman da suka bar gona suka zo, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama, ni Tamar Azariya, in yi magana kafin a ɗaga hannu a kan korar Nas Damaris daga asibitin garin nan.

Da farko, mene ne laifinta? An ce ta yi rashin kunya, ta fizge kwalba daga hannun dattijo, Baba Meshak. Gaskiya ne, a idona aka yi. Amma masu ƙara sun tuna da kwalba, sun manta da wanda ke kwance! Kaleb ne, ɗan ƙanen Baba Meshak, wanda yake feshin maganin ƙwari a gonar wake, iska ta juyo da shi kansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Aka kawo shi a babur, yawu na dalala, gumi na tsiyaya, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunyar kunu a kan wuta.

Baba ya biyo da manja, yadda muka saba idan an ce guba. Nas ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba ya iya haɗiya. In ka ɗura masa, huhunsa zai shiga, ba ciki ba." Baba ya ce, "Tun ba a haife ki ba muke ba da manja." Ya kama haɓar Kaleb, ya kai kwalba bakinsa. Jama'a, ta tsaya durƙuso ne a nan, ko ta tsaya neman izini?

Na biyu, ba da ka ta yi aiki ba. Ta buɗe idonsa, ta ga baƙin ya tsuke kamar ƙwayar acca. Ta tuɓe masa rigar, ta wanke shi da sabulu, ta kwantar da shi ta gefe, ta yi allura, ta saurari ƙirji, ta ƙara wata, har numfashi ya daidaita, sannan ta sa a kai shi babban asibiti a Kafanchan. Wannan ilimi ne, karatunsa ta yi, kuma dominsa muka roƙa aka turo mana ita.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Mu nas mai "to" muke so: mu ce allura, ta yi; mu ce ƙarin ruwa, ta rataya. Da ta yi ladabi ta matsa gefe, da mun binne Kaleb, mu ce lokacinsa ne ya yi, mu yi waƙa, mu watse. Da babu wanda zai kira taro. Ashe mutuwa ba ta tara mu, sai kwalba?

Baba Meshak, ƙauna ce ta sa ka, na sani, ita ma ta je har gida ta ba ka haƙuri. Amma wake na fure, feshi bai ƙare ba, kuma idan ta tafi, ba a yi mana alkawarin wata ba.

Kaleb, tashi tsaye. Duk mai ɗaga hannu, ya fara duban fuskarsa tukuna.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya tsare manomanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.