Kunyar Suruka Ta Kusa Kai Ni Kabari

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Ceto!

Ni Bulus direba, duk hanyar Kano zuwa Daura babu wanda ya kai ni juriya. Tun da harkar siminti ta buɗe, kowa gini yake, nakan ɗauko kaya daga Kano in sauke a Sandamu ban tsaya ko fitsari ba. Har bugun ƙirji nake a tasha!

To, bara fitsarin nan ya tashi ramuwa. In na tsuguna, sai ka ce barkono nake zubarwa. Mara ta ɗaure, baya ya riƙe.

A asibiti kuma wa ke karɓar marasa lafiya? Rahila, matar ɗana na fari! Ni da ko abinci ba na ci a gabanta, in je in ce mata ga inda ke mini ciwo? Ga tsoron kada a ce dattijon ikilisiya ya kwaso ciwon sanyi a hanya. Sai na ƙi zuwa, na ce wa mutane zazzaɓi ne.

Haba! Kowa ya zama likita. Jiƙon da na sha zai ishi garken shanu, ciwo kuwa sai gaba. Takaici ya ishe ni, ga bakina ya ƙi buɗuwa.

Rannan rawar ɗari ta kayar da ni, ina sambatu, ina ce wa matata Saratu ta taka birki. A kwance aka kai ni asibitin.

Rahila ta durƙusa ta ce, "Baba, likita ya ce ciwo ya shiga jini. Don Allah, ina ya fara?"

Na juya wa bango fuska. Na ce, Ya Yesu, kai da aka tuɓe a gaban jama'a saboda ni, buɗe bakin nan! Na runtse ido na faɗa.

Aka sa mini ruwa, aka yi ta zuba allurai. Likita ya ce riƙon fitsari ne ya jawo, ƙodata ta kusa tafiya. Ga ni tsaye, Halleluya! Na gode wa Ubangiji. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kuma buɗe baki.

Da na koma gida na roƙi Saratu ta rufa mini asiri. Ta ce, "Maigida, wane asiri? In ka shiga bayan gida, har awakin maƙwabta firgita suke da ihunka."