Farin da Maigidana Ya Saƙa

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ce Hajara, daga Tudun Wadan Zariya.

Ranar da maigidana, Malam Iro masaƙi, ya dawo daga kasuwa ba wanda ya ko taya saƙinsa, na gane zamani ya juya. Gari ya cika, amma kowa yadin kanti yake so.

Da ya rasu bana, ƙaninsa ya sayo akoko don likkafani. Na ce, "A'a, Sule. Ni na kaɗa zare, shi ya saƙa fari, a cikinsa za a sa shi." Haka aka yi, har liman ya yaba aikin.

Jama'a, ku ba ni shawara. 'Ya'yanmu ba su koyi saƙa ba, zanen da ya fara mini kuwa yana nan bai ƙarasa ba.