Ɗigo a Wurin Kibiya

A tashar Konni ana jiran motar Yamai ta cika. Rabilu, ɗalibin kwamfuta, ya shimfiɗa doguwar takarda bisa gwiwa yana tsaki. Wani dattijo da ke kusa da shi ya leƙo.

"Samari, saƙon rasuwa ne?"

"Kusan haka, Baba. Aikin jarrabawata ne, Litinin za a karɓa, kwana huɗu inji na ƙin fassara shi. Na ware wuri cikin ƙwaƙwalwarsa don jerin sunaye, na riƙe adireshin wurin. Da na nemi yawan sunayen sai ya ce kuskure."

"Ban gane ko ɗaya ba. Ni daktilo, keken rubutu, na buga shekara ashirin a wani buro, wato ofis, na Illela. Amma mi ya sa bayan wagga kalma ko'ina kibiya ka sa, nan kaɗai ɗigo?"

Rabilu ya duba, ya dafe kai.

"Mai riƙe da adireshi kibiya yake so, ba ɗigo ba! Baba, ni fa har takardar ƙorafi na rubuta wa malam, wai injin lakwal, makarantarmu, ya lalace."

"Ka aika?"

"Tun shekaranjiya. Har abokaina shida na sa suka sa hannu."