Daga Bayan Shinge

A kasuwar gwanjo ta birnin Aarhus, can ƙasar Turawa, ana yayyafi, wani mutum ya tsaya gaban teburin tsoho mai sayar da gilasan kyamara.

"Baba, gilashi mai jawo nesa nake so. 'Yata Signe ce mai tsaron raga a ƙungiyarsu ta ƙwallo."

"Yaushe suke bugawa?"

"Bayan an tashi makaranta."

"A hunturun nan da rana ke faɗuwa da wuri? Dogon da kake shafawa ƙofar haskensa ƙarama ce. Rana na faɗuwa, sai dai ka ɗauki inuwa. Ga gajere mai faɗin ƙofa, ko da duhu-duhu yana gani. Ka taka zuwa bayan raga, shi ke nan."

"Dogon dai."

"Kai, na gaji da ku! Kowa dogo, dogo. Ƙafarka ciwo take?"

"Ba na shiga filin. Tun da muka rabu da uwarta, Signe ta ce in daina zuwa. Bayan shinge nake tsayawa, wajen ajiye kekuna."

Tsohon ya sunkuya, ya jawo wani gilashi mai nauyi daga ƙarƙashin tebur.

"To ga wannan. Dogo ne, ƙofarsa kuma a wangale. Zai fito da fuskarta tas, ko wayar shingen ba za ka gani ba."

"Ka tabbata?"

"Kayana ne. Da shi na yi ta ɗaukar ɗana daga bayan shinge har ya girma."

"Hotunan sun yi kyau?"

"Sun yi. Suna nan cikin kwali. Har yau bai zo ya gani ba."