Tsokata Ce Ta Gaji, Ni Ba Raggo Ba Ne

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ina gajiya, ina iyali? Ni ne Ɗanbaba na Ruma. Ban iya rubutu ba, limaminmu ne ya rubuta mini, na kuma ce kada ya rage komi.

Ran Talata na ji likitanku a rediyon ƙofar gidan hakimi yana cewa masu bincike sun gano tsokar mutum takan gaji da wuri cikin zafi, komi ƙarfinsa. Ashe sai yanzu suka gano!

Da bazara aka kwashe mu aikin hanyar Batsari zuwa Safana, ina saurayi. Mu a gona da asuba muke fita, rana na take tsaka mu koma inuwa sai la'asar. Baturen da ke kan aikin hanyar kuwa agogonsa yake bi. Ina ɗauke da kwanon ƙasa cinyoyina suka ɗaure, na ajiye na zauna gindin tsamiya.

Helmanmu, wato shugaban leburori, ya ce, "Tashi, raggon banza!"

Na ce, "Bar ni zuwa la'asar, in yi maka aikin mutum biyu."

Ya sa aka yi mini bulala gaban jama'a. Tun ranar sunan ya bi ni, har jikokina jikokin Raggo ake ce musu.

Helman nan yana nan da ransa a Tsaskiya. Malam, ku sake sa maganar likitan nan, ku faɗi ranar tun da wuri. Da jakina zan ɗauko shi in zaunar da shi bakin rediyo, ya ji da kunnensa gaban mutanen Ruma. Ina gaishe shi, ya shirya.