Ƙafar Saniya Mai Laushi

A rumfar wata mai abinci a tashar Tirmini, wani dattijo yana cin ƙafar saniya.

"Hajiya, naman nan kamar auduga! Har ni marar haƙora."

"Ci abinka, Baba. Daga ina?"

"Daga asibiti. Lokotoro ya hana ni farasitamol. Wai in ya yi yawa, wajen narka shi hanta take fitar da dafi kamar tartsatsin maƙera, yana ƙona ta daga ciki."

"Kai, su da tsoratarwa! Ni kullum sai na zuba kati biyu na farasitamol ɗin a tukunyar nan don nama ya yi laushi."

Dattijon ya dubi ƙashin da ya tsotse tas.

"Shi ya sa ciwon ƙuguna ya lafa. Hajiya, don Allah sauke tukunyar nan."